Ku Tambaya Mu Amsa: Wa ke biyan kuɗin binciken ruwan jiharmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne ina digiri na biyu a fannin ruwan ƙarƙashin ƙasa a wata jami'a nan Kano, kuma gaskiya unguwarmu ce ta kai ni wannan karatun, rijiyar gidanmu da kakanmu ya haƙa tun ba a haife ni ba yanzu da an shiga watan Maris sai guga ta dinga fitowa da laka, bohol ɗin maƙwabta ma sai an kunna a kashe a jira a sake kunnawa kafin tanki ya cika, kullum muna hannun 'yan garuwa. So nake in bi rijiyoyi kamar talatin ina aunawa tsawon shekara ɗaya in kuma kai ruwansu gwaji, amma kuɗin gwajin ya fi ƙarfina. Wai gwamnati ba ta ware wa jami'o'i kuɗin irin wannan binciken ne? Wani malaminmu ya ce a Amurka kowace jiha da cibiyarta. Na gode, Allah ya ƙara basira.

Daga wani ɗalibi, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Malaminku bai faɗi ƙarya ba. A 1964 Amurka ta yi dokar binciken albarkatun ruwa, shugaba Lyndon Johnson ya sa mata hannu, da ita aka kafa cibiyar binciken ruwa a jami'a ɗaya cikin kowace jiha, yanzu sun kai 54 idan ka haɗa da birnin Washinton da tsibirai irin su Guam. Kuɗin yana bi ta hannun hukumarsu ta binciken ƙasa, USGS, kuma ba wani kuɗi ne na a zo a gani ba. Abin da ya ba ni sha'awa sharaɗin ne, tarayya ba ta sakin nata sai jihar ko jami'ar ta ɗora nata a kai, shekaru da dama ma dala biyu ake nema kan kowace dala ɗaya. To ka san wanda ya zuba kuɗinsa a adashi ba ya mantawa da ranar kwasa. Jihar da ta biya dole ta zo ta ce ina sakamakon, kuma ita za ta faɗi abin da ke damunta a bincika mata.

Mu kuma nan kuɗin bincike akwai shi, sai dai daga Abuja yake gangarowa. Babbar ƙofa ita ce TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, wadda dokar 2011 ta kafa, a lokacin kuɗinta harajin ilimi ne da ake cira daga ribar kamfanoni, da kashi 2 ne cikin ɗari, a 2023 aka kai shi kashi 3. Jami'o'in jiha ma suna samu, irin ta Wudil da takwarorinta, ba na tarayya kaɗai ba. Akwai ƙaramin tallafi da ake nema ta cikin jami'a, akwai babban na ƙasa wanda sai an yi takara. Amma ka sani ba ɗalibi ake ba wa ba, malami ne ke nema da sunansa, don haka abu na farko ka je ka zauna da supabaizanka ka ce masa ranka ya daɗe in za a rubuta neman tallafi a sa aikina a ciki, ni zan yi zirga-zirgar fili. Malamai da yawa suna neman yaro mai ƙafa irinka, su ba su da lokacin bin lungu da guga.

Sai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, aikinta horarwa da bincike, da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai kula da madatsar Tiga da ta Challawa, da cibiyar noman busassun yankuna ta Jami'ar Bayero wadda ta samu tallafin Bankin Duniya. Ka rubuta musu ta hannun sashenku. Ko kuɗi bai fito ba, in aka ba ka tsofaffin bayanai ko aka bar ka ka yi gwaji a ɗakin gwajinsu, ai rabin kuɗin ke nan.

Yanzu bari in zo kan jiha, don nan ne abin ke min ciwo. Ruwan sha a gari da ƙauye aikin jiha ne, ita ke da hukumar ruwa, ita ke haƙa bohol, ita mutane ke zagi in famfo ya ƙafe. Amma a jihohinmu kuɗin ruwa yawanci kan siminti da bututu da injin yake ƙarewa, abin da za a yanke masa kyalle a ɗauki hoto. Wa zai yi bikin buɗe littafin da aka rubuta zurfin rijiya duk ranar Asabar? Alhali shi ne tushen komai. Birnin Kano a kan dutse yake zaune, ruwan da bohol ke ja yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne da tsagoginsa, ba tafki ba ne a ƙasa kamar yadda mutane ke zato, shi ya sa gida ɗaya ya samu ruwa na kusa da shi a haƙa a tashi a banza. Ka nausa gabas wajen Haɗeja ƙasar ta canza, yashi ne mai riƙe ruwa. Kowa ya samu kuɗi sai ya kira masu injin su huda masa, ga siminti da kwalta sun rufe inda ruwan sama zai nutse, ga kududdufai an cike an yi gini. Wannan tambayar Kano ce, mai zaune a Abuja ba ita ke hana shi barci ba. Haka maganar ruwan majema da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, da kachalar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru bayan an tare kogunan daga sama, Tiga tun 1974, Challawa 1992. Duk abubuwa ne da sai an shekara goma ana aunawa kafin a gane bakin zaren, tallafin shekara ɗaya ba ya yi musu.

Na taɓa shiga ofishin wani sashe a wata jami'a, ba zan faɗi suna ba, na tarar da kundayen ɗalibai an jibge har sun kusa taɓa silin, ƙura ta yi musu rawani. Na zaro ɗaya, kan ingancin ruwan rijiyoyin wata unguwa ne, na zaro wani na bayan shekara shida, unguwar dai ita ce, kuma na biyun bai san da na farkon ba. Kowannensu da kuɗin iyayensa ya yi. Da jiha za ta ware ko ɗan kaɗan ne duk shekara ba fashi, ta ba jami'a ɗaya amanar tattara irin wannan, da sharaɗin a kawo wa hukumar ruwa rahoto, da waɗannan yaran biyu sun zama mafarin lissafi. In kana da hanyar ganin ɗan majalisar jiharku lokacin kasafi, wannan za ka roƙa, ba jarka da kura ba.

Kafin nan kada ka zauna jira. Auna zurfin ruwa ba ya cin kuɗi, igiya ce da ɗan ƙarfe a bakinta da tef ɗin tela da littafi. Ka rage rijiyoyin zuwa goma sha biyar waɗanda za ka iya zagayawa da ƙafa, ka yi wa bakin kowace alama da fenti don kullum daga wuri ɗaya za ka auna, kuma da asuba kafin mata su fara ja, in ba haka ba lissafin zai yaudare ka. Wayarka za ta ba ka lambar da ke nuna wurin kowace rijiya a taswira. Gwajin kuwa ka bar shi sau biyu, ƙarshen rani da tsakiyar Agusta. Ka fara shiga ta wajen mai unguwa, don ba kowane magidanci zai bar saurayi ya shigo masa tsakar gida da igiya ba, in da hali ka tafi da ƙanwarka.