Ina sana'ar kek a gida, ina gudu da asuba, amma ƙiba ta ƙi sauka

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kano, ina sana'ar kek a gida, na biki da na suna da na murnar ranar haihuwa. Tun da na fara sana'ar ƙiba ta taso mini, shi ya sa wata huɗu ke nan nake fita sassarfa bayan sallar asuba, kilomita uku, sau uku a mako. Nauyina kilo 78 ne, kuma har yau sikeli bai motsa ba. Ga shi kwalliyar kek cikin dare nake yi saboda da rana aisin, wato haɗin bota da sukarin da ake shafa wa kek, narkewa yake, wani lokaci in kai ƙarfe ɗaya a tsaye, washegari in fita gudu diddigena na ciwo. In ƙara gudun ne, ko in haƙura da shi?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kada ki bar gudun, kuma kada ki ƙara shi yanzu. Gyaran da ya fi gaggawa a kicin yake.

Bari mu yi lissafi, don shi ne zai kwantar miki da hankali. A ƙiyasi, mai gudu yana ƙona kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Kina da kilo 78, kina yin kilomita uku, wato kalori wajen 234 a fita ɗaya, kusan 700 a mako. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa yana ɗauke da kalori kimanin 7,700. Ko da ba ki ƙara loma ɗaya a kan abin da kike ci ba, sai kin yi mako goma sha ɗaya kafin gudun nan shi kaɗai ya sauke miki kilo guda.

Yanzu ki dubi kwanon aisin. Haɗin da aka fi yi shi ne bota giram 250 da garin sukari giram 500. Botar tana da kalori wajen 1,800, sukarin kusan 2,000, ke nan kowane giram na aisin yana da kalori biyar. Cokalin cin abinci ɗaya, giram 15, ya kai 75. Cokali uku kacal sun cinye gudun da kika yi da asuba. Kuma wace mai kek ce take ƙirga cokali? A ɗanɗana a ji ko sukari ya yi, a ƙara fanila a sake ɗanɗanawa, a lashe abin da ya maƙale a wuƙar shafe, a matse ragowar da ke cikin ledar kwalliya a baki don kada a yi asara. Sai uwa uba, tudun saman kek da ake yankewa don ya daidaita. Giram 100 na wannan yankin ya kai kalori 350 ko fiye, kuma a tsaye ake cinye shi, da ɗuminsa, ba wanda yake lissafa shi a cikin abincin yini. Idan kina da oda uku a mako, abin da ke shiga ta wannan hanya zai iya zarce abin da ƙafafunki suka ƙona. Ni a ganina, yadda nauyin ya tsaya cak bai ƙaru ba, aikin gudun ne.

Maganin ɗanɗane shi ne sikelin kicin. Wadda take awo da kofi ko da ido dole ta riƙa kai hannu baki, don kowane haɗi yana fitowa daban. Ki auna komai da giram, ki rubuta haɗin da ya yi miki daidai, daga nan ɗanɗane ɗaya da bakin ƙaramin cokali ya ishe ki. Ɗanyen kwaɓi kuwa ki daina taɓa shi kwata-kwata, ba don ƙiba kawai ba: ɗanyen ƙwai da fulawar da ba ta ga wuta ba suna iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kawo gudawa da zazzaɓi.

Shi kuma tudun, ana iya rage shi tun daga oben. Kek yana yin tudu ne idan gefe ya riga ya gasu ya tsaya alhali tsakiya na ci gaba da tashi. Ki sauke wuta daga digiri 180 zuwa 160 ko 165, ki ƙara masa lokaci, sannan ki jiƙa tsohon tawul ki yanka shi siriri ki ɗaure a jikin gwangwanin ta waje. Zai fito kusan a shimfiɗe. Ɗan abin da kika yanke, tun kafin ki juya ki zuba shi a leda ki ƙulle. In ya taru, a marmashe shi da ɗan aisin a mulmula a tsoma a cakulan, ko a jera shi a ƙananan kofuna da kirim a sayar. Kuɗinki ne kike cinyewa. Kuma kada ki shiga kwalliya da yunwa. Ki fara cin abinci sosai, wake ko ƙwai ko kifi da ganye, sannan ki buɗe kwanon sukari.

Batun aikin dare shi ne ya haɗa matsalolin naki wuri guda, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Bota ta ainihi, wadda ake yi da madara, tana narkewa a tsakanin digiri 32 zuwa 35. Kano a watan Afrilu tana taɓa 40, ballantana kicin da oben ke kunne. Saboda haka ba laifin hannunki ba ne. Botar gashi da ake yi da man itatuwa, irin su Simas, ta ɗan fi jure zafi, amma wanda ya fi su duka shi ne farin daskararren man nan na gashi, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 45. Ki musanya rabin botar da shi. Ɗanɗano zai ɗan ragu, gaskiya ce, sai ki cike giɓin da fanila mai kyau da ɗan gishiri, amma furenki zai tsaya har a kai kek ɗin wurin biki. Idan mai oda zai iya biya, a shafe kek ɗin da haɗin cakulan da kirim, kashi biyu na baƙin cakulan da kashi ɗaya na kirim, ko kashi uku da ɗaya idan farin cakulan ne. Wannan yana daskarewa da kyau kuma ya fi kowane aisin na bota ƙarfi a ƙarƙashin fondan, wato kwaɓin sukarin nan da ake murzawa a lulluɓe kek da shi.

Sannan ki raba aikin, kada komai ya taru a daren jajibiri. Furanni da haruffa da sauran adon fondan ana iya yin su kwanaki kafin ranar, su bushe a kwali. Gashi a yi shi kwana biyu kafin a karɓa, in ya huce a naɗe shi da leda sosai. Kek ɗin da ya kwana ya fi sauƙin yanka da shafe, ba ya marmashewa kamar sabo. Washegari a yi shafen farko mai siriri, a sa a firij minti ashirin zuwa talatin, in an ɗauke wuta babbar kula da ƙanƙara za ta yi aikin. Abin da zai rage miki shi ne shafen ƙarshe da jera ado, aikin da za ki gama tsakanin isha'i da ƙarfe goma sha ɗaya, ko ki yi shi da sanyin asuba a ranar da ba ki fita gudu. Da damina ki kula, fondan da aka fito da shi daga firij yana gumi. A bar shi a cikin kwalinsa a rufe har ya saki sanyi. Na nace a kan barcin ne saboda ƙarancinsa yana ƙara wa mutum yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari, ga ki kuma a tsakiyar sukari.

Diddigen kuma, ki lura da lokacin da ya fi ciwo. Idan takun farko ne da kin sauko daga gado, sannan ya lafa bayan kin ɗan zagaya, galibi jijiyar nan ce mai faɗi da ta shimfiɗu a tafin ƙafa daga diddige zuwa yatsu ta gaji. Tsayuwar sa'o'i a kan tayil ko siminti da silifas ko ƙafa ba takalmi ita ke jawo shi, gudu a kan kwalta ya zo ya ƙarasa. Ki sa takalmin gudunki a kicin, ko ki ware wani mai laushin ciki. Ki samu doguwar kujera ki riƙa yin ado a zaune, da faifan nan mai juyawa ba sai kin zagaya tebur ba. Safe da yamma ki dafa bango ki miƙe ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa, ki ja naman sha-raɓa na daƙiƙa talatin, sau uku kowace ƙafa. Ki daskarar da ruwa a gora ki riƙa murza ta da tafin ƙafa na minti goma. Duk daren da kika kai ƙarfe ɗaya a tsaye, washegari babu gudu; ki mayar da shi wata rana. In ciwon ya wuce mako uku zuwa huɗu bai sauƙaƙa ba, ko wurin ya kumbura, ko ba kya iya taka ƙafar, ki je asibiti a duba.

Bayan ƙafar ta lafa sai a yi maganar ƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Gudunki na yanzu ya kusa ƙaramin ma'aunin. Ki fara da ƙara tafiya mai sauri ta minti talatin a ranaku biyu da ba kya gudu, daga baya ki tsawaita fita ɗaya a mako da rabin kilomita, ki zauna a kai mako biyu kafin ki sake ƙarawa. Da bazara ki sha ruwa kafin ki fita, ki dawo kafin rana ta ɗaga; ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri ki yi motsinki a tsakar gida.

Ki nemi tef ɗin tela ki riƙa auna ƙugunki daidai cibiya sau ɗaya a wata, don sau da yawa ƙugu yana raguwa kafin sikeli ya nuna. Idan kin yi wata uku a kan wannan tsari babu canji a sikeli ko a tef, ki je a auna miki sukarin jini a kuma yi miki gwajin maƙoƙo, kuma in kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku ki faɗa wa likitan, don tana sa wasu mata ƙiba.