Amsa: Yawon ƙarshen mako da abokai a Jamus

Ɗan'uwa, kana tambayar yadda za ka riƙa bin abokan karatunka yawon ƙarshen mako ba tare da kuɗin wata ya ƙare ba. Yi amfani da tikitin zangon karatu da jami'arka ta ba ka, in na Deutschlandticket ne, wato tikitin zirga-zirga na duk Jamus. Yana shigar da kai bas da jiragen ƙasa na yanki, wato RE, RB da S-Bahn, a faɗin ƙasar.

Sai dai ka kula, ba ya aiki a jiragen dogon zango, wato ICE ko IC. Mai duba tikiti ya same ka ciki, tarar Yuro 60 ce mafi ƙaranci. A manhajar DB Navigator ta kamfanin jiragen ƙasa na Jamus ka zaɓi jiragen yanki kaɗai. Guzuri kuma ka saya tun Asabar, domin ranar Lahadi kantuna a rufe suke, na tashar jirgi kuwa akwai tsada.