Shin da gaske ƙanƙara ta taɓa rufe Sahara?

Tambaya: Malam, na ji an ce ƙanƙara ta taɓa lulluɓe Sahara, wurin da yashi ke ƙona tafin ƙafa. Wa ya gani, kuma da me aka gane?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma shaidar ba ta da nisa da mu. Tana nan a duwatsun Jado da ke arewa maso gabashin Nijar, da na Tassili a kudancin Aljeriya. Abin ya faru ne kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce, lokacin da wannan ɓangare na Afirka yake can ƙuryar kudancin duniya, inda Antatika take a yau. Nahiyoyi ma tafiya suke yi, santimita kaɗan a shekara.

Ƙanƙara idan ta taru ta yi kauri ba ta zama wuri ɗaya. Nauyinta ke sa ta malala sannu a hankali kamar kunu mai kauri, tana jan duwatsun da suka maƙale a gindinta, su kuma suna karce duk abin da suka bi ta kansa. In ka tsaya a irin wannan shimfiɗar dutse, za ka ga layuka dogaye a jere, duk sun fuskanci wuri ɗaya, kamar kunyoyin gona. Daga su aka gane cewa ƙanƙarar Sahara galibi arewa ta nufa.

Za ka iya cewa ai iska ma tana sassaƙa dutse. Haka ne. Shi ya sa ni na fi dogara da shaida ta biyu. Dubi kwari bayan ruwan sama ya ɗauke: tsakuwa a gefe, yashi a gefe, laka can gaba, domin ruwa da iska tankaɗe suke yi. Ƙanƙara kuwa ba ta zaɓe. Tana narkewa sai ta zube komai wuri ɗaya, ƙaton dutse kwance cikin laka mai laushi. Akwai ma duwatsun da suka faɗo daga ƙanƙarar da ke yawo a kan teku, suka nutse cikin lakar ƙasa, har yau ana ganin yadda suka lanƙwasa ta.

Da irin waɗannan alamu wani masanin kimiyya mai suna Louis Agassiz ya kafa hujja a Suwizalan a 1837 cewa ƙanƙara ta taɓa mamaye Turai. Na Sahara kuwa masana duwatsu na Faransa ne suka bi diddiginsu a shekarun 1960.