Uwar mijina ta tsinci karnena, ta kai ni gidan suna

Assalamu alaikum Inna. Daga Garin Malam nake rubuto miki, nan cikin Damagaram, kuma raina a ɓace yake.

Uwar mijina ce ta hana ni sakat. Tun ranar da ta ɗaga katifata ta ga karnen, wato katin allurar tazarar haihuwa da aka ba ni a likita, ban ƙara jin daɗin gidan nan ba. Me ya kai ta ƙarƙashin katifata? Ɗakina ne fa, Inna. Tunda ba ta yi boko ba, jikanta ɗan lakwal ta kai wa ya karanta mata, ke nan har yaro ƙarami ya san sirrina. Bai ishe ta ba, sai da ta faɗa a gidan suna, gaban mata, wai na shigo ne in tsayar musu da zuri'a. Ni? Ni da na yi ta rurrutsa a gidan nan, ga goyo ga laulayi, kuma ita ɗin ce ke cewa na cika kwanika, na ɓata wa yaro nono. In na haihu kusa da kusa laifi, in na nemi hutu laifi.

Abin haushi ma, allurar na daɗe da barinta. Jini ya yi ta ɗiga mini ba ƙa'ida, sallata ta rikice, ban koma ba. Ƙwaya nake ɗan saye wurin mai tallan magani in maigida ya dawo daga Agadas. Amma ita har gobe tana kan bakanta. In na gaishe ta, da kai take amsawa. A gidan suna fa, Inna, gaban ƙawayen uwata! Na faɗa wa maigida, ya ce in yi haƙuri, uwa ce. Haƙurin ne ya ƙare. In yi yaji, ko in tare ta mu yi ta ta ƙare?

Ɗiyarki mai ɓacin rai

Wa alaikumus salam, ɗiyata.

Ba al'adata ba ce in shiga tsakanin mace da uwar mijinta, don bakinki kaɗai na ji. Amma ɗaga katifar matar ɗa bincike ne, Allah kuwa ya hana bincike a Suratul Hujurat, kuma kai zancen gidan suna ya fi binciken muni. Ba ta kyauta ba.

Sai dai ba wannan ne ya tayar mini da hankali ba. Maganar ƙwayar nan ce da kika jefo kika wuce. Ƙwayar tazara kullum ake shanta, lokaci guda, maigida na nan ko ba ya nan. Wadda ake sha sai ranar da ya sauka daga mota ba ta tsare komai. Balle wadda ta wuni a faranti cikin ranar Damagaram, ba ki san sunanta ba, ba ki san yaushe ta lalace ba. Kina ta faɗa a kan karne, alhali a yau ba ki da wata kariya. Kafin komai, je a gwada ki a tabbatar babu ciki.

Jinin da kika gani sananne ne ga allurar wata 3. Mata da yawa na ganin ɗigo a watannin farko, yakan lafa daga baya, wasu ma al'adar ta ɗauke musu, kuma ba taruwa jinin yake yi a ciki ba. In ya yi yawa, ungozoma na da abin da za ta ba ki, ko ta canza miki hanya. Akwai ashana, wadda ake sakawa ƙarƙashin fatar dantse, mai shekara 3 da mai shekara 5, ana cirewa ranar da kika so, ko da yake ita ma tana iya rikita al'ada. Akwai robar mahaifa da ke kai shekara 10. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta mai da kayan tazarar haihuwa kyauta a likitocinta, don haka kuɗin da kike ba mai talla, na kabu-kabu ne. Batun salla kuma, malamai sun rarrabe jinin haila da jinin ciwo, kuma mai jinin ciwo tana salla. Tambayi malamar makarantarku ta ƙidaya miki kwanakin.

Ku ma ma'aikatan likita ina da magana da ku. Wasunku sai su soka allura su ce "dawo bayan wata uku", shi ke nan. Da an zaunar da yarinyar nan ranar farko an ce mata za ki iya ganin ɗigo, kada ki tsorata, ki dawo, da ba ta faɗa hannun mai talla ba. Mata nawa kuke rasawa haka, su dawo muku da cikin da ba su shirya ba, ga jariri a baya?

Sai maigidanki. Ba ki faɗa mini ko da saninsa kika fara ba, amma "uwa ce" ba amsa ba ce. A jihar nan tamu ta Damagaram aka fara makarantun mazaje a 2008, inda magidanta ke zama da ungozoma suna tattauna lafiyar matansu, har wasu ƙasashe suka kwaikaya. Abin kunya ne a ce ɗan garin nan ya bar matarsa ita kaɗai da wannan nauyi. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, likitoci ma shawararsu a bari a kai wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Wannan maganar daga bakinsa ya kamata mahaifiyarsa ta ji ta, cikin ladabi, su biyu a ɗaki. In ɗanta ya ce "da yardata ne", bakin gori ya mutu.

Kada ki yi yaji, kada ki tare ta, ki ci gaba da gaishe ta ko da kai za ta amsa. Ki samu maigida da dare ki faɗa masa komai, har da ƙwayar. Kafin ya koma Agadas ku tafi likita tare, ki riƙe tsohon karnen da ragowar ƙwayar ki nuna wa ungozoma.

Inna