Zauren ƙauye a Japan ba na taro kaɗai ba ne

Malam, ka tambaya ko zaurukan ƙauyukan Japan na taro ne kawai. Ina! Kominkan suke ce musu, tun 1946 aka fara kafa su. Ɗaki guda zai zama ajin koyon girki da safe, wurin hirar tsofaffi da yamma, in girgizar ƙasa ta auku kuma ya koma mafaka.

Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne Minna no Ie, wato Gidan Kowa, da Toyo Ito, masanin zanen gine-gine, da abokan aikinsa suka tsara a garin Rikuzentakata bayan tsunamin 2011. Itatuwan da ruwan teku ya kashe aka sare, aka kakkafa su a matsayin ginshiƙai. Ɗan mitsitsin gini ne fa, amma baje kolin tsarinsa ya ci kyautar Zakin Zinare a bikin nuna zanen gine-gine na duniya a birnin Venice na Italiya a 2012.