Tsohuwar fistal ta sojan Amurka: a sake mata launi ko a bar ta?

Tambaya: Malam, ina zaune a Amurka kuma ni ɗan ƙasa ne. Ina so in sayi fistal ɗin nan ta M1911A1 da soja suka daina aiki da ita. Waɗanda na gani duk sun koɗe. Me zan duba kafin in biya, kuma zan iya sake mata launi ta dawo sabuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi zaɓi mai kyau. John Browning ne ya ƙera samfurin asali, wato M1911, sojan Amurka suka karɓe shi a 1911, ba su maye gurbinsa da fistal ɗin Beretta ba sai 1985. Hanya mafi tsabta ita ce hukumar CMP, mai sayar wa farar hula tsofaffin bindigogin soja, da ke Anniston a jihar Alabama. Za su nemi shaidar zama ɗan ƙasa, a bincika tarihinka, sannan a aika bindigar wurin dillali mai lasisi ka karɓa. Kada ma ka yi tunanin tahowa da ita gida, domin dokar Najeriya ta sa fistal cikin makaman da aka haramta.

Kafin ka kalli launi, duba lafiyarta. Cire gidan harsashi, ka tabbatar babu harsashi ko ɗaya a cikin bindigar, sannan ka haska bututun da tocila. Harsasan wancan zamani suna barin gishirin da ke cin ƙarfe, saboda haka za ka iya ganin ƙananan ramuka baƙaƙe a ciki. Duba murfin sama mai zamewa da kyau ko akwai tsaga, domin na lokacin yaƙin duniya na biyu ba a gasa ƙarfensu gaba ɗaya ba. Idan lambar shaidar da ke jikinta ta nuna alamar an goge ko an taɓa, ajiye musu kayansu, mallakarta ma laifi ne.

Batun launi kuwa, ina roƙonka kada ka yi gaggawa. Wannan koɗewar da ke damunka ita masu tara tsofaffin makamai ke biya wa kuɗi. Kamfanoni biyar suka ƙera ta a lokacin yaƙin: Colt, Ithaca, Union Switch & Signal, Remington Rand mai keken rubutu, da Singer mai keken ɗinki, wanda 500 kacal ya yi. Idan jikinta da murfinta na kamfani ɗaya ne kuma launin asali na nan, injin gogewa zai cinye tambarin da gefunan rubutun, darajar ta tafi ba dawowa. Irin wannan, man bindiga da tsumma sun wadatar. Tsatsa mai sauƙi a jiƙa ta da mai, a shafa da soson tagulla a hankali.

Amma da yawa sun riga sun bi ta ma'aikatun gyara na soja, an gauraya sassansu. Za ka ga haruffa irin su AA ko RIA a jiki, wato tambarin ma'aikatar da ta yi gyaran. Wannan ba ka ɓata komai ba idan ka ba maƙerin bindiga ya sake mata launin toka na fosfet, irin wanda soja ke yi, ka kuma gargaɗe shi kada ya goge rubutun. Ya sauya sifirin, ya gwada makullan kariya, kuma ka guji harsashi mai ƙarin ƙarfi, na .45 na yau da kullum ya ishe ta.