Injin kwale-kwale mai ƙarfin doki 15 a Tafkin Jabi da ke Abuja

Malam, ka tambayi yadda za ka kula da ƙaramin injin Yamaha da ka saya, da dokokin shiga ruwa.

Idan irin wanda ake haɗa wa fetur da mai ne, ma'aunin da aka saba 50:1 ne: mililita 20 na man injin ruwa a kowace lita ta fetur. Ka rage man, fistan ya kama. Ka cika shi, fulogi ya yi baƙi.

Kada ka taɓa tayar da shi a tudu. Robar famfon ruwa tana ƙonewa nan take idan ba ruwa. Yana tashi ka duba ko siririn ruwan da ke nuna famfon yana sanyaya injin yana fitowa ta baya. In bai fito ba, kashe, galibi leda ce ta toshe mashigar ruwan, kuma Jabi ba ta rasa leda. Man giyabos da ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, a canja sil.

Kowa ya sa rigar kariya, har gwanin iyo. Igiyar kashe inji, wadda ke kashe shi idan ka faɗa ruwa, ka ɗaura ta a wuyan hannunka, kada ka wuce adadin mutanen da jirgin ke ɗauka. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta hana tafiyar dare, ka fito kafin magariba.